Ciwon kan ya lafa, ko in jinkirta aikin sai bayan bikin 'yata?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 43, a Aboabo nake, nan Kumasi, sana'ata koko da ƙosai. Na fi shekara ina fama da ciwon kai, ya fi tsanani da asuba, wani lokaci har da amai. Daga baya hannuna na hagu ya fara sanyi, ludayi yakan suɓuce mini. Wani dare maigida ya farka ya tarar ina jijjiga, na ciji harshe, ban san inda kaina yake ba. An yi mini hoton CT da MRI, likita ya ce ƙari ne a ɓangaren dama na kaina, sunansa meninjiyoma. Ya ce bisa alama ba kansa ba ne, wato ba ciwon daji ba, amma sai an yi aiki. Ya ba ni ƙwayoyi iri biyu, ya ce in dawo bayan mako biyu. A lokacin ne kuma yayar maigida ta fara karɓo mini rubutu. Cikin kwana uku ciwon kan ya ɗauke, har hannun ya yi ƙarfi. Yaya ta ce Allah ya kawo sauƙi, kada in yarda a fasa mini kai. Ban koma asibiti ba, yau wata biyu. In ƙwayoyin sun ƙare sai in kai kwalin kemis in sayo wasu. Za a ɗaura wa 'yata ta fari aure bayan ƙaramar Sallah, saura wata huɗu. Ban gaya mata ba, ban gaya wa kowa ba, ina tsoron dangin mijin su ji an ce akwai farfaɗiya a gidanmu su fasa. Kuɗin da na tara a susu, wato adashi, na kayan ɗakinta ne. Anti, in jira sai bayan biki? Ko ma na warke ne? In dare ya yi ba na iya barci.

Uwar amarya, Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta fi tsaya mini a rai. A'a, ba ki warke ba tukuna. Ƙarin yana nan inda hoto ya nuna shi. Maganar a jira ko kada a jira kuwa, ba ke za ki yanke ta ke kaɗai cikin dare ba, ba Yaya ba, ba ni ba. Likitan da ya ga hoton kanki ne zai faɗa, shi ma sai ya sake ganinki. Ki koma cikin makon nan, kada ki bari a shiga wani.

Ga abin da ya faru cikin kwana ukun nan. Ƙoƙon kai rufaffe ne, ƙashi ne ko ta ina, ba ya buɗewa ya ba baƙo wuri. In ƙari ya tsiro a ciki sai ya danne ƙwaƙwalwa, wurin da ya danne kuma ya tara ruwa ya kumbura. Sau da yawa kumburin nan ne ke kawo ciwon kai da amai da sanyin hannu, fiye da shi kansa ƙarin. Yana tsananta da asuba ne saboda kin kwana a kwance, matsin da ke cikin kai ya ƙaru. Hannun hagu kuma, ai ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓangaren hagu na jiki. Yanzu ɗauko kwalayen nan biyu ki duba, ko ki ba wani ya karanta miki. Ɗaya na hana jijjiga ne. Ɗayan, ƙananan ƙwayoyin nan, da wuya in ba deksametazon ba ne, wanda 'yan kemis ke ce wa deksa. Aikinsa ke nan, ya sace kumburi, kuma yakan nuna aikinsa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Kin san yadda tukunya kan taso tana shirin zuba, ki yayyafa mata ruwan sanyi kumfar ta kwanta? To wutar fa tana nan a ƙasa. Deksa ba ya rage meninjiyoma ko kaɗan. Likitoci kan ba da shi ne na ɗan lokaci, don mara lafiya ya sami sa'ida kafin a shirya aiki.

Shi ya sa wata biyun nan da kike saye a kemis suka tayar mini da hankali. Ina kyautata zaton masu sayen koko sun fara ce miki kin murmure, kumatu sun fito, jiki ya yi kyau. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Shi ne dai maganin da wasu 'yan mata ke afawa don su yi jiki, ana ta yi musu faɗa ba sa ji. In aka daɗe ana shansa yana tayar da sukari, ya hau da jini, ya jawo gyambon ciki, ya raunana garkuwar jiki, ya kashe cinyoyi har mace ta kasa tashi daga kujerar tsuguno sai ta dafa bango. Yana sa saurin fushi, yana kuma hana barci. Rashin barcin nan naki, wani na tsoro ne, wani na ƙwaya. Amma kada ki ce tunda haka ne bari in watsar da shi yau. Wanda ya yi makonni yana sha, jikinsa ya saki aikin samar da irin wannan sinadari da kansa, in aka yanke masa farat ɗaya jini na iya sauka, mutum ya galabaita, kumburin kuma ya dawo da ƙarfinsa. A hankali ake rage shi, likita ne ke tsara yadda za a yi. Maganin jijjigar ma ba a tsallake shi ko na rana ɗaya. Ki ci gaba da shan duka biyun har ki zauna gaban likita.

Yanzu ga abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali, kuma ba lallashi ba ne. Ƙarin da ke tsirowa cikin kai iri-iri ne, sun haura ɗari, wasu na gudu, wasu na rarrafe. Naki ba daga naman ƙwaƙwalwa yake fitowa ba, daga tantanin da ya lulluɓe ta ne, wannan tantanin da sanƙarau ke kamawa. Wato yana zaune ne a wajenta yana danne ta. Shi ne ya fi kowane iri yawa, ya haura kashi ɗaya cikin uku na ƙarin da ke farawa daga cikin kai, kuma mata sun ninka maza kamuwa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi mataki uku, kuma kusan 8 cikin 10 'yan mataki na farko ne, masu girma a hankali, waɗanda ba kansa ba. Abin da likitanki ke nufi ke nan da ya ce "bisa alama". Bai ce miki tabbas ba don hoto ba ya yanke hukunci, sai an ciro shi an kai ɗakin gwaji an duba. Mutane da yawa an cire musu shi sun koma kasuwa, sun aurar da 'ya'ya, sun goya jikoki.

Za ki iya jin wani ya ce ai wance ma an gano mata, likita ya ce a bar shi a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci. Gaskiya ne ana yin haka, amma ga ƙaramin ƙari wanda bai taɓa komai ba, wanda aka yi kiciɓis da shi wajen binciken wani abu daban. Naki ya riga ya yi magana: ya kayar da ke, ya taɓa hannu, ya sa ki amai. Kuma akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa in an makara. Matsin cikin kai in ya daɗe yana cin jijiyar gani sannu a hankali, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa ko an cire ƙarin. Hannun ma haka, gwargwadon daɗewar dannewa gwargwadon wahalar farfaɗowa. Ba na so ki je ɗaurin auren 'yarki ana riƙe da hannunki ana gaya miki kalar atamfar da ta sa.

Duk da haka tambayarki tana kan hanya, wurin da kika kai ta ne ba daidai ba. Ki yi wa likita ita kai tsaye: "Likita, ina da bikin 'yata nan da wata huɗu. In aka jira, me zai iya faruwa? In aka yi yanzu, zan iya tsayawa a bikin?" Ba wannan ne karon farko da zai ji irinta ba. Dama aiki irin wannan ba ranar da aka faɗa ake yinsa ba, akwai gwajin jini, akwai ganin likitan da ke sa barci, akwai layi. Wata huɗu kuma ba kwana huɗu ba ne, mai yiwuwa ne a yi aikin ki murmure kafin a fara raba goro. Ki tambaye shi girman ƙarin santimita nawa, kusa da me yake, ko zai ciru duka, ko za a buƙaci gashin na'ura daga baya, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura, leda nawa ta jini za a tanada, kwana nawa za ki yi a gado, da irin hatsarin da ke cikin aikin ga ke musamman. Kada ki tafi ke kaɗai. Mai tsoro rabin magana yake ji, ki tafi da wanda zai riƙe biro da takarda. In zuciyarki na son jin bakin wani likitan, ba laifi ba ne, ba kuma raini ba ne. Ana aikin ƙwaƙwalwa a Komfo Anokye, asibitin Ji da muka sani nan Kumasi, ana yi a asibitin Korle Bu can Ankara, babban birnin Ghana, dukansu kuma suna da sashen gashin ƙari. Ki ɗauki faifan hoton da takardar sakamako ki tafi da su. Sai dai kada neman baki na biyu ya zama wata hanyar ɓata wata biyu.

Kalmar nan ta Yaya, "a fasa kai", ita ce ta zauna miki a ƙirji, na sani. Ba fasawa ake yi ba. Za a sa ki barci, ba za ki ji komai ba. A aske gefen da za a yi aikin, a yanke ƙashi daidai wurin a ajiye shi, a cire ƙarin, a mayar da ƙashin mazauninsa a ɗaure, a ɗinke fata. Yakan ci awoyi. Kwanan farko galibi a ɗakin kulawa ta musamman ake yinsa, sannan a dawo da mutum ɗakin marasa lafiya, in komai ya tafi daidai a sallame shi cikin kwanaki. Gajiya takan ɗauki makonni, gashi ya tsiro ya rufe tabo, ke da ke ɗaura kallabi ma wa zai gani? Ba kuma sabon abu ba ne da ake gwaji a kanku. Tun 1879 wani likita a Glasgow mai suna William Macewen ya cire wa wata yarinya ƙari daga cikin kai ta tashi, lokacin ko hoton ƙashi ba a ƙirƙiro ba. Ba zan ce miki babu hatsari ba. Akwai zubar jini, akwai shigar ƙwayar cuta, akwai yiwuwar rauni a hannu ko ƙafa, akwai wanda ba ya tashi. Likita zai faɗa miki waɗannan kafin ki sa hannu, haƙƙinki ne ki ji. Abin da nake so ki riƙe shi ne zama a gida ma ba tudun mun tsira ba ne, nasa hatsarin ne dai ba a ba ki takarda ki sa wa hannu.

Sai Yaya. Kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Matar da ke tashi ta je ta karɓo miki rubutu tana ƙaunarki ne, kuma abin da idonta ya gani ta faɗa: an fara rubutu, ciwo ya tafi. Ba ta san aikin ƙwayar da kika fara sha a makon ba. Ni ba zan ce ki bar addu'a ba, wa ya isa? Ki yi, a yi miki, ki tofa ki shafa. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, in ban da tsufa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Malamin kirki in ya ji an ga abu a hoto, shi zai fara ce miki ki koma asibiti yana taya ki da addu'a. Wanda ya ce ki zaɓa, ko shi ko likita, ki kama kanki da shi. Inda nake ja miki kunne sosai shi ne abin haɗiya: jiƙo, sassaƙe, garin magani, da kwalaben nan da ake talla cikin mota da gidajen rediyo ana cewa suna narkar da kowane irin ƙari. Wasu na karo da maganin jijjiga, wasu na tsinka jini, wanda za a yi wa aiki kuwa ba ya son jini mai tsinkewa. Duk abin da ya shiga bakinki ki gaya wa likita, ko da kina ganin zai yi tsaki.

Dabarar da nake ba ki, kada ki yi gardama da Yaya a tsakar gida, ba za ki ci ba. Maigida ya ce mata, "Yaya, ke ce babba, ki raka mu ki ji da kunnenki." Ta zauna a gaban likita, a ɗaga mata hoton ta ga farin dunƙulen nan da idonta, ta yi duk tambayar da take so. Wadda aka bari a waje takan zama mai hana ruwa gudu, wadda aka shigo da ita kuwa sau da yawa ita ke kwana a asibiti da fulas ɗin ruwan zafi.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, ɓoyon nan. Na fahimci dalilinki sarai. Mun san Zango, magana in ta fita daga Aboabo da safe, kafin la'asar ta kai Asawase ta yi 'ya'ya. Amma ki duba inda kike wuni: gaban kaskon mai yana tafasa, gefe ga tukunyar ruwan zafi a kan wuta. Jijjiga ba ta sallama. Masu wannan lalura da yawa ba faɗuwar ce ke nakasa su ba, abin da suka faɗa a kai ne. In ta zo miki kina sakin ƙosai, wa ke kusa da ke da ya san abin yi? Babu, tunda ba wanda ya sani. Jama'a za su taru, wannan ya nemo cokali ya tura miki a baki, wancan ya danne ƙafafu, wata ta matso albasa a hanci, wata ta kwara ruwa ko ta ɗura manja, wasu kuma su ja baya wai kada yawu ya taɓa su. Duk kuskure ne. Cokali karya haƙori yake yi, mutum ba ya haɗiye harshensa. Ɗura abu a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, huhu yake tafiya. Yawun kuma ba ya sa wa kowa komai. Abin yi kaɗan ne: a janye wuta da duk abin da zai ji miki ciwo, a sa zane a ƙarƙashin kai, a sassauta ɗaurin wuya, a duba agogo, in jijjigar ta lafa a juya ki kan haƙarƙari don yawu ya fita, a zauna da ke har ki dawo. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa ba ki farfaɗo ba, a kira 112 ko a sa ki a mota sai sashen gaggawa.

To wannan karatun, wa za ki koya wa in ba 'yarki ba? Yarinyar da ta isa a kai ta gidan miji ta isa ta ji ciwon uwarta. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki zaunar da ita ke da babanta, ki faɗa mata da sunansa, ki faɗa mata abin da likita ya ce, har da cewa bisa alama ba kansa ba ne. Za ta yi kuka. Kukan nan ya fi wanda za ta yi in ta ji a bakin maƙwabta, ko ta gan ki a ƙasa ba ta san dalili ba. Bayan ita, sai mai taya ki a wurin sana'a da maƙwabciya ɗaya mai riƙe sirri. Ba shela na ce ki yi ba.

Daga yau kuma suya ta bar hannunki. Ki zauna a kan kuɗi da ƙulla leda, nesa da wuta, wata ta tsaya a kasko. Tashin tsakar dare don dama koko shi ma a karɓe ki, domin ƙarancin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da jijjiga. Kada ki sa sakata in kin shiga wanka, ki bar jan ruwa a rijiya, ki bar goya jariran maƙwabta, ki bar hawa bayan babur. In pragya ce, wato babur mai ƙafa uku, zauna a tsakiya. In kai ya sara, farasitamol. Asfirin da Brufen da diklofenak ki bar su sai da izinin likita, ga gyambon ciki ga tsinka jini. Tiramol kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, shi da kansa yana jawo jijjiga. Wani abu kuma da mata kan ji nauyin faɗa: in kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ko kina shan ƙwayoyinta, ki gaya wa likita. Irin wannan ƙari yana jin sinadaran jikin mace, yakan ƙara girma lokacin goyon ciki, kuma wasu magungunan jijjiga irin su Tegretol suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazara.

Dangin ango fa? Ba dole ba ne ki tara su ki yi musu bayani, ciwonki naki ne. Ko a Risala da ake karantawa a makarantunmu, aibobin da ake mayar da aure saboda su, hauka da kuturta da albaras da ciwon gaba, na jikin wadda aka aura ne, ba na uwarta ba. Jijjigarki kuma ƙari ne ya kawo ta, ba gadon gida ba ce, ba ta bin nono, meninjiyoma irin taki mai zuwa guda ɗaya a wannan shekaru galibi ba a gadonta. Amma shawarata, in an sa ranar aiki, maigida ya je da kansa ya sami uban ango ya ce, "Mai ɗakina za a yi mata aiki a kai, likitoci sun ce abu ne mai ciruwa, muna neman addu'a." Labarin da kuka kai da bakinku daban yake da wanda za a kai musu a wurin suna. In kuwa mutane ne da za su fasa aure don uwar yarinya ta kwanta asibiti, gara 'yarki ta san su tun tana ɗakinki. Kada kuma kunyar faɗuwar ta cinye ki. A cikin Bukhari, matar da Ibn Abbas ya nuna wa almajirinsa Aɗa'u ya ce ga 'yar Aljanna, mai farfaɗiya ce.

Kuɗi. Ba zan ɓoye miki ba, aikin ƙwaƙwalwa yana da nauyi, kuma inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da aka kafa a 2003, ta sa aikin ƙwaƙwalwa da ba na hatsari ba cikin abubuwan da ba ta biya. Duk da haka ki sabunta katinki, ana yi ta waya da *929#, zai rage miki kuɗin ganin likita da wasu gwaje-gwaje da magunguna. Ki nemi a rubuta miki ƙiyasin kuɗin a takarda, ki kai ofishin walwalar jama'a na asibitin, aikinsu ke nan. A 2025 gwamnati ta kafa asusun Ghana Medical Trust Fund, wanda aka fi sani da MahamaCares, don masu cututtukan da ke cin kuɗi, ki tambaye su a can ko lalurarki ta shiga da yadda ake nema. Sannan gida. Ƙungiyar matan da kike zuba wa kuɗin biki da suna shekara da shekaru, yau ranarki ce. Masallacin unguwa, 'yan'uwa da ke Jamus ko Amurka, duk a nuna musu takardar asibiti, a karɓa ta lambar MoMo ɗaya, wato asusun kuɗi na waya, da mutum biyu ke sa wa ido, a ajiye rasit. Samarin gida kuma su shirya ba da jini, shi ma gudummawa ce babba.

Kuɗin susun nan kuwa, ra'ayina a fili yake: lafiyarki ce gaba. Mu mata mun mayar da kayan ɗaki abin gasa, a jera tukwanen da ba za a taɓa ɗora su a wuta ba, a fitar da atamfar yayi kala uku, duk don kada a ce. A yi mata gado da katifa da abin girki, sauran a biyo ta da su a hankali. Ki tambaye ta da kanki, kabad ko uwa, ki ji amsar da za ta ba ki.

Azumi na tafe kafin bikin, don haka ki sa shi cikin tambayoyinki. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 185, ya rama a wasu kwanaki. Maganin jijjiga yana son lokacinsa, deksa kuma ba a son shansa da wofin ciki, kada ki sauya lokutan da kanki don ki yi azumi. In sujada na sa kanki ya yi kamar zai tsage, wanda yakan faru da masu matsi a cikin kai, ki yi salla a zaune ki yi nuni. Abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana bin Husaini ke nan da ba shi da lafiya: a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan haƙarƙari.

Daren da ba kya barci, na san abin da kike lissafawa: yaran nan, ƙaramin cikinsu, wa zai riƙe su. Wannan tsoro ba raunin imani ba ne. Ki tashi maigida ku yi maganar, shi ma ina jin idonsa biyu, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Ki rubuta bashin da ake binki da wanda kike bi, da inda kuɗin susu yake, ki ba shi ya ajiye. Rubuta wasiyya sunna ce ga mai lafiya ma, ba ta kiran ajali, sau da yawa ma ita ke sa mutum ya sami barci. In baƙin ciki ya ƙi sakinki, ko kika ga halinki na sauyawa, mantuwa ko faɗa ba dalili, ki faɗa a asibiti, domin ƙarin da maganin duk suna iya kawo haka. Mutanen gida ma su sani, kada su ɗauka wulaƙanci ne.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti in an gan su: ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, amai ba ƙaƙƙautawa, barci mai nauyi da ake tashinki da kyar, gani ya dushe ko abu ɗaya ya zama biyu, magana ta harɗe, hannu ko ƙafa su saki. Ko ƙarfe biyun dare ne a tafi sashen gaggawa. Ki karanta wa maigida da 'yarki wannan.

Ranar da za ki koma, ki haɗa faifan hoton, takardun sakamako, katin asibiti, katin inshora, da kwalayen maganin duka, har waɗanda kika saya a kemis. Mai yiwuwa nas ta yi miki faɗan wata biyun nan. Ki ba ta haƙuri ki zauna a layi, ba ke ce ta farko da tsoro ya kora gida ba. In kin shiga, ki faɗi gaskiyar ƙwaya nawa kike sha a rana da tun yaushe, ki roƙa a auna miki sukari da hawan jini a ranar, a kuma duba cikin idonki. Allah ya sa a dace, ya nuna mana bikin kina tsaye da ƙafafunki.